Mai da Ƙarfe da Kuza: Cinikin da Ya Kai Japan da Amurka Fagen Daga

Ranar 15 ga Nuwamban 1938, wani jirgin dakon kaya na Ingila mai suna Dalfram yana tsaye a tashar Port Kembla, kudu da birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ana yi masa lodin ɗanyen ƙarfe. Ana cikin lodi 'yan dakon tashar suka tabbatar da cewa birnin Kobe na Japan za a kai kayan. Nan take suka zare hannu. Ba ƙarin albashi suke nema ba. Cewa suka yi fiye da shekara guda ke nan sojojin Japan suna ragargazar biranen ƙasar Sin, labarin kisan gillar Nanjin ya game duniya, wannan ƙarfe kuwa bama-bamai zai koma. Yau a kan Sinawa zai sauka, gobe a kan gidajensu.

Antoni Janar na ƙasar, Robert Menzies, ya ce gwamnati ce ke da hurumin yanke wanda za a yi ciniki da shi, ba ƙungiyar 'yan dako ba. Kamfanin BHP mai ƙarfen ya rufe masana'antarsa da ke garin, ya sallami ma'aikata wajen 4,000, yunwa ta shiga gidaje. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki 'yan dakon suka koma suka ƙarasa lodin ba da son ransu ba, jirgi ya tashi. Menzies ya zama Firayim Minista a watan Afrilun 1939, amma har ya bar duniya laƙabin da suka liƙa masa na mai sayar wa Japan ɗanyen ƙarfe bai sake shi ba. Shekara uku da 'yan watanni bayan wannan rigima, jiragen yaƙin Japan suka yi wa garin Darwin ruwan wuta.

Abin da 'yan dakon nan suka hango, babu wata gwamnati da ba ta hango shi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tambaya shi ne me ya sa aka ci gaba da sayarwa, kuma me ya faru ranar da aka daina.

Japan ƙasa ce ta tsibirai, mai yawan jama'a da masana'antu, amma ƙarƙashin ƙasarta kusan fayau yake. Tana da kwal daidai gwargwado, da ɗan jan ƙarfe. Ba ta da roba, ba ta da kuza ta a-zo-a-gani, tamarta kaɗan ce. Man fetur kuwa, kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da take sha daga waje ake kawo shi, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari na wanda ake shigowa da shi daga Amurka yake fitowa, akasari daga rijiyoyin Kalifoniya. Sauran na zuwa ne daga tsibiran da Holan ke mulka, waɗanda yau ake kira Indunusiya, da ɗan abin da ba a rasa ba daga arewacin tsibirin Sakalin. Rundunar ruwanta ita ce ta uku a girma a duniya, ta kuma bar kwal ta koma mai. Ma'ana, ƙasar da hafsoshin ruwan Japan suka daɗe suna shirin gwabzawa da ita, ita ce ke ba jiragensu abin sha.

Ƙarfe ma haka. Murahun narka ƙarfe na Japan an gina su ne a kan haɗa ɗanyen ƙarfe da tsohon ƙarfe, domin hakan ya fi arha ga wanda ba shi da tama. Saboda haka dillalan tarkace na Amurka suka samu kasuwar da ba su taɓa gani ba. Kamar yadda 'yan gwangwan ke bi unguwa-unguwa da kura suna sayen ruɓaɓɓen buta da tsohon gado, haka aka riƙa tattara matattun motoci da tsofaffin layukan dogo da injinan da suka daina aiki, ana tula su a tashoshin Siyatil da San Faransisko da Los Anjalis, sai dai su a jirgin ruwa ake aunawa. A 1939 kaɗai, abin da Japan ta kwasa daga Amurka ya kai kimanin tan miliyan biyu. Da me take biya? Mafi yawa da siliki. Matan Amurka suna sayen safar siliki, dalolin su koma Tokiyo, su dawo su sayi mai da ƙarfe.

Mahukuntan Japan sun san wuyansu na hannun wani, kuma ba su zauna ba. A 1934 suka kafa doka da ta tilasta wa duk mai shigo da mai ya ajiye na wata shida a ƙasa, dokar da ta fi shafar manyan kamfanonin waje biyu, Standard-Vacuum na Amurka da Rising Sun, reshen Shell. A 1937 suka ƙaddamar da shirin tatsar mai daga kwal, irin wanda Jamus ta yi nisa a kai, amma abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Sun mamaye Mancuriya tun 1931 da sunan neman albarkatu, suka samu kwal da tama, ba su samu mai ba. Ashe yana nan ƙarƙashin ƙafarsu. Sai a 1959 Sinawa suka tono babban filin man Dacin a wannan yanki, bayan Japan ta fita da shekara 14.

Yaƙin Sin ya ɓarke sosai ranar 7 ga Yulin 1937. Amurka tana da dokar 'yan ba-ruwanmu wadda ta hana sayar da makamai ga ƙasashen da ke yaƙi, amma tun da babu wanda ya shelanta yaƙin a hukumance, Shugaba Ruzbelt bai ɗabbaƙa ta ba, don kada ya toshe wa Sin hanyar samun makamai. To ai ko da ya ɗabbaƙa, dokar ba ta ɗauki mai da tarkacen ƙarfe a matsayin makami ba. Ranar 12 ga Disamban shekarar, jiragen saman Japan suka nutsar da jirgin sojan Amurka mai suna Panay a kogin Yanzi, suka kuma ƙone jirage uku na kamfanin Standard Oil da yake rakiya. Japan ta ba da haƙuri, ta biya diyyar dala miliyan 2.2, aka ci gaba da ciniki kamar ba a yi ba. Da wuya a ce babu man Kalifoniya a tankin jiragen da suka kai harin.

Talakawa dai ba su yi shiru ba. Wani likitan mishan, Walter Judd, ya dawo daga Sin a 1938 ya riƙa zagaya Amurka yana gaya wa jama'a cewa ɓaraguzan ƙarfen da yake cirowa daga jikin Sinawa nasu ne. Ɗalibai mata suka riƙa ƙona safar siliki a bainar jama'a. A Malaya, Sinawa leburori suka watse daga mahaƙar tama ta Dungun wadda Japanawa ke gudanarwa. Abin da gwamnatin Amurka ta iya yi a tsakiyar 1938, bayan luguden wutar da aka yi wa birnin Kanton, shi ne roƙon kamfanonin ƙera jiragen sama su daina sayar wa Japan. Roƙo ne kawai, ba doka ba, kuma bai taɓa mai ba.

Kwaɗayin riba yana ciki, musamman ga ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin 1929 ba, Japan kuwa tana cikin manyan masu sayen kayanta. Amma wanda ya tsaya a nan bai ga rabin labarin ba. Ita ma Amurka wuyanta na hannun wasu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na robar da take amfani da ita, da mafi yawan kuzarta, daga Malaya da tsibiran Holan suke fitowa. Babu tayar mota ko ta jirgin sama sai da roba. Babu gwangwanin abincin soja, babu liƙin wayoyin rediyo, babu boris ɗin inji sai da kuza. Kuma waɗannan kaya biyu ba a sake suke a kasuwa ba. Tun 1931 masu kuza suka haɗa kai suka ƙayyade abin da kowa zai haƙa don farashi ya tashi, kuma ƙasashe huɗu ne suka fara sa hannu: Malaya, tsibiran Holan, Bolibiya da Nijeriya. A 1933 kason ya sauka har zuwa kashi ɗaya cikin uku, leburori da dama a tudun Jos suka rasa aiki. Masu roba suka yi irin wannan yarjejeniya a 1934. Don haka lokacin da Amurka ta farga ta fara tara kaya, sai ta tarar da kasuwa a ɗaure. Majalisarta ta amince a kashe har dala miliyan 100 a watan Yunin 1939 don wannan aiki, a wannan watan kuma aka yi musaya da Ingila, dami 600,000 na auduga a bakin roba. Bai isa ko'ina ba.

Ga inda ƙullin yake. In Amurka ta hana Japan mai, Japan za ta nufi kudu ta ƙwaci na Holan, kuma a wannan kudun ne robar Amurka da kuzarta suke. Jakadan Amurka a Tokiyo, Joseph Grew, ya faɗa wa Ruzbelt haka tun 1939. Sakataren harkokin waje Cordell Hull da hafsoshin ruwa suna tare da shi. A ɗaya ɓangaren akwai ministan kuɗi Henry Morgenthau da abokan aikinsa Henry Stimson da Harold Ickes, waɗanda ke ganin Japan za ta durƙusa da zarar an matsa mata. Shekara biyu aka yi ana wannan ja-in-ja, abin da ya riƙa fitowa kuwa rabi-da-rabi ne, bai gamsar da kowa ba.

A watan Yulin 1939 Amurka ta ba da sanarwar janyewa daga yarjejeniyar cinikin da ta ƙulla da Japan tun 1911, ta ƙare a Janairun 1940. Sai Hitila ya murƙushe Holan a watan Mayu, Faransa ta faɗi a Yuni, Ingila tana ta kanta. Yankunan da suke mulka a kudu maso gabashin Asiya suka zama dukiyar da masu ita ba su da ƙarfin tsare ta. A Yulin 1940 Ruzbelt ya sa hannu a dokar sa ido kan kayan da ake fitarwa, aka hana sayar wa Japan man jirgin sama mai daraja 87 zuwa sama, da tsohon ƙarfe mai lamba ɗaya. Japanawa suka duba takardar, suka koma sayen mai daraja 86, wanda injinan jiragensu ke iya sha, in ana son ƙara masa ƙarfi a ɗiga masa sinadarin dalma. Cikin watannin da suka biyo baya, fetur ɗin da suka kwasa daga Amurka ya ninka na da sau da yawa. Takunkumin da aka sa don a rage musu ƙarfi, shi ya zaburar da su suka cika tankuna. A ƙarshen Satumba sojojinsu suka shiga arewacin Biyetnam, ranar 26 Amurka ta haramta sayar musu da kowane irin tsohon ƙarfe, kashegari Japan ta ƙulla ƙawance da Jamus da Italiya a Balin.

A wannan watan ne ministan ciniki na Japan, Kobayashi Ichizo, attajirin da ya yi suna a harkar jirgin ƙasa da gidajen wasa, ya sauka a Batabiya, wato Jakarta ta yau. Buƙatarsa tan miliyan uku da ɗoriya na mai duk shekara, har tsawon shekara biyar, ninki da yawa na abin da aka saba sayar musu. Wanda ya zauna gabansa shi ne Hubertus van Mook, jami'in Holan, ƙasar da ke hannun Jamus, wadda sarauniyarta ke gudun hijira a Landan. Ba shi da rundunar da zai yi barazana da ita, sai dabarar ja da lokaci. Ya ce ai gwamnati ba ta sayar da mai, a je a ga kamfanoni. Kamfanonin, Shell da Standard-Vacuum, suka ce sun riga sun yi alkawari da wasu. Da ƙyar aka tsaya a kan kimanin tan miliyan 1.8, a gajeren kwantiragi, man jirgin sama kuwa kusan babu. Kobayashi ya koma gida, aka turo tsohon ministan waje Yoshizawa Kenkichi, wanda ya zo da dogon jerin buƙatu har da roba da kuza da izinin haƙar ma'adinai. Holan ta ƙi, tana cewa kayan za su bi jirgin ƙasan Saberiya su ƙare a hannun Jamus, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin roba tana bin wannan hanya a lokacin. A Yunin 1941 tattaunawa ta watse.

Daga nan komai ya yi sauri. Hitila ya auka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni. Ranar 2 ga Yuli aka yi zama a gaban Sarki Hirohito aka yanke shawarar nausawa kudu. Kafin watan ya ƙare sojojin Japan sun shiga kudancin Biyetnam, inda jiragensu za su iya kaiwa Malaya da Singafo. Ranar 26 ga Yuli Amurka ta ƙulle duk kuɗin Japan da ke bankunanta, Ingila da Holan suka bi sahu.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ofis aka yi shi, da takardu. Kwana biyu kafin a ƙulle kuɗin, Ruzbelt ya bayyana wa wasu baƙinsa cewa da gangan ya bar mai yana tafiya Japan, don da ya tsayar da shi, da tuni an yi yaƙi a tsibiran Holan. Tsarin da aka shimfiɗa shi ne a riƙa ba da lasisin fitar da mai daidai abin da aka saba kafin yaƙin Sin. Amma lasisin fitarwa daban, izinin taɓa kuɗin da za a biya daban, na biyun kuwa yana hannun wani ƙaramin kwamiti da mataimakin sakataren waje Dean Acheson ya fi kowa ƙarfi a ciki. Shugaban ƙasa ya tafi ganawa da Firayim Ministan Ingila Cocil a gaɓar Niyufanlan. Japanawa suka kawo takardu, aka ce su dawo. Suka ce za su biya da kuɗin da suke da shi a Kudancin Amurka, aka ce ana dubawa. Suka ce za su kawo zinariya, shiru. Babu wanda ya fito ya ce musu an hana, amma ko ɗigo bai fita ba. Tankoki biyu na Japan suka yi ta zaman jira a tashar Los Anjalis har farkon Nuwamba, suka juya wayam. Har yau masana tarihi suna jayayya kan ko Ruzbelt ya san abin da ake yi tun farko. Abin da babu jayayya a kai shi ne da ya dawo bai warware ba, don warwarewa za ta zama tamkar ya ji tsoro.

A Tokiyo sai aka koma lissafi. Babban hafsan ruwa Nagano Osami ya shaida wa Sarki cewa man da ke ƙasa zai kai shekara biyu, in yaƙi ake yi shekara ɗaya da rabi. Rundunarsa kaɗai tana ƙona tan 400 a kowace awa. Duk wayewar gari tanki na raguwa, Amurka kuwa tana ƙera sababbin jirage. Sharaɗin da Washinton ta gindaya don a buɗe famfo shi ne Japan ta fita daga Sin, sojan ƙasa kuma suka ce ba za su zubar da abin da suka sayo da jinin mutanensu shekara huɗu ba. Firayim Minista Konoe ya yi murabus a tsakiyar Oktoba, Janar Tojo ya hau. Ranar 26 ga Nuwamba Hull ya miƙa takardarsa ta ƙarshe, a ranar ce kuma jiragen da za su kai hari Hawai suka baro tsibiran Kuril.

Wasu marubuta suna cewa takunkumi ne ya tura Japan yaƙi, kamar an kai ta bango ne babu laifinta. Wannan magana ba ta da ƙafa. Babu wanda ya hana ta mai sai da ta yi shekara huɗu tana kashe Sinawa, kuma ƙofar fita a buɗe take, ita ce ta ƙi bi. Sai dai masu sayarwa ma ba su fita ba. Lokacin da hanawa za ta iya tsayar da yaƙin Sin, sayarwa suka yi. Lokacin da suka hana, mai sayen ya riga ya tara abin da zai yaƙe su da shi, kuma man da ya kai jiragen Japan Pearl Harbor ta Hawai ranar 7 ga Disamban 1941 daga cikin wannan ajiya aka ɗebo shi.

Harin ya kashe Amurkawa 2,403. Amma Hawai ba ita ce manufa ba, share hanya ce kawai. A daren ne sojojin Japan suka sauka a Kota Baru ta Malaya. Rijiyoyin Miri suka faɗa hannunsu ranar 16 ga Disamba, Tarakan da Balikfafan a Janairun 1942, sojojin lema suka dira kan matatun Falemban ta Sumatara ranar 14 ga Fabrairu, kashegari Singafo ta miƙa wuya. Turawan Holan sun cinna wa rijiyoyi wuta kafin su gudu, Japanawa suka gyara da yawa cikin 'yan watanni. Abin da ba su yi wa tanadi ba shi ne teku. Samun mai a Sumatara daban, kai shi Yokohama daban. A Mayun 1942 wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya nutsar da Taiyo Maru, ɗauke da injiniyoyi da ƙwararrun da aka tura su farfaɗo da rijiyoyin, mutum sama da 800 suka halaka. Haka aka riƙa bin tankokin ɗaya bayan ɗaya, har ya zama bayan Maris na 1945 babu wanda ya sake isa Japan daga kudu. A ƙarshe ƙauyawa aka baza cikin duwatsu suna tono saiwoyin itace ana dafawa, wai a tatsi man jirgin sama.

Faɗuwar Malaya kuwa har ƙasar Hausa ta jijjiga. Ingila ta wayi gari babu babbar mahaƙar kuzarta, sai ido ya koma kan tudun Jos, inda shekara tara da suka wuce ake hana haƙa don kada farashi ya faɗi. A 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas. Umarni ya bi ta hannun Razdan zuwa En'e, daga hakimi zuwa dagaci, kowane gari da adadin mazan da zai bayar. Aka riƙa kwaso manoma daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da Barno da Binuwai, wasu a tsakiyar damina, ana kai su ramukan kamfanonin Turawa su yi 'yan watanni suna ɗaukar ƙasa a kwano. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ya tsinci kansa cikin sanyin Jos da ruwan sama, babu bargon kirki, babu wadataccen abinci, ɗakunan kwana a cunkushe. Ciwon huhu da atini suka yi ta ɗauka, masu ƙarfin hali suka yi ta gudu cikin dare. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, abin da ba a taɓa kaiwa ba, amma ƙarin bai kai yadda Landan ta sa rai ba, har 'yan majalisar Ingila suka fara tambayar abin da ake yi. A daidai lokacin ne kuma ake loda wasu samarin a jirgin ruwa zuwa Bama, su yaƙi Japan ɗin ido da ido.

An soke dokar a 1944. Kafin nan mutanen da aka ɗiba sun kai kimanin 100,000, ɗaruruwa daga cikinsu kuma a can aka binne su.